Shafina ya yi ƙanana a waya, ina gyaran yake?

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum. Shafin intanet na ƙungiyar masu albasa ne. A kwamfuta lafiya lau, amma a waya rubutu ƙanana, hotuna sun wuce gefe. Kuma makaho ya kasa samun wajen yin oda. Me ya kawo haka?

Malam Na Yamai: Wa alaikumus salam. Ƙanena, duba cikin head, wato sashen farko na lambar HTML ta shafin, ko akwai meta viewport, layin da ke gaya wa waya faɗin shafi, mai width=device-width, initial-scale=1. In babu, waya na ɗauka faɗin shafin kusan 980px ne, sai ta matse komai. Hotuna kuwa, sa musu max-width:100% da height:auto a CSS, wato dokokin fasalin shafi, don kada su wuce gefe. Ka rage nauyinsu, masu buɗewa daga Galmi ba su da data ta ɓarnatarwa.

Hajiya Mai Kwamfuta: Maganar makahon ita ce babba. Ina zargin da div, wato akwatin HTML mara ma'ana ta musamman, ka yi maɓallin oda. TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi allon waya, ba ya sanar da div a matsayin maɓalli, maɓallin Tab na kibod ma tsallake shi yake yi. Sa button na gaske. Menu ya shiga nav, ainihin bayani ya shiga main, babban kanu h1 guda ɗaya, sai ƙananan kanu h2 a bi da bi. Kowane gurbin cikawa da label nasa mai faɗin sunansa, kowane hoto da alt mai faɗin abin da ke ciki, misali "buhun albasa ja".

Malam Na Yamai: Gaskiya ne Hajiya. Ƙara lang="ha" don a san harshen shafin, da tsarin haruffa na UTF-8, in babu shi ƙ da ɗ na iya rikiɗewa. Launin rubutu da na baya su bambanta aƙalla 4.5:1, don a hasken ranar Tawa toka-toka kan fari ba ya karantuwa.