Neman kalmar Hausa: "consternation"

Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, na karanta amsoshin da kuka bayar a kan wannan kalma, kuma ina so in bayyana inda na tsaya. Asalinta daga harshen Latin ne, ta shiga Turanci a ƙarni na 17, kuma ana kawo ta ne idan wani abu da ba a zata ba ya auko wa mutane, gabansu ya faɗi, suka rasa ta inda za su kama.

Mafi yawanku kun ce fargaba ko zullumi, amma waɗannan biyun kafin aukuwar abu ake yin su, kamar ɗalibin da yake jiran sakamakon jarrabawa. Firgici kuwa na wanda ya taka maciji ne, jiki ya zabura, jim kaɗan ya dawo daidai. Tashin hankali ya yi kusa, sai dai gidajen rediyo sun saba kiran tarzoma da shi, saboda haka mai sauraro zai zaci faɗa aka yi.

Ni kiɗimewa na zaɓa, kuma ga dalilina. A ƙarshen Janairun 2023, lokacin da wa'adin tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya matso, na je awo Babbar Kasuwar Katsina wajen wani dattijo mai hatsi da na daɗe ina ciniki da shi. Na tarar ya zube cinikinsa na sati a kan buhu, duk tsofaffin kuɗi, ya cire hula ya riƙe, yana ta maimaita "Innalillahi". Na ce, "Baba, a auna mini gero tiya biyu." Sai ya auna dawa, ya juye, ya sake auna dawa. Maƙwabcinsa ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri, tun safe a kiɗime yake." Ban taɓa ganin ma'anar kalmar nan ta Turanci ƙuru-ƙuru kamar ranar ba, domin tsoro da mamaki da rashin sanin abin yi sun haɗu a fuska ɗaya.

Malamin da ya rubuto daga Daura ya kawo ɗimuwa. Allah ya gafarta Malam, hujjarka tana da ƙarfi, amma a kunnena ɗimuwa ta fi nauyi, ita ce ta wanda aka yi wa rasuwa har ya kasa gane gabas. Dattijon nan yana cikin hayyacinsa, dabara ce ta ƙwace masa.

Saura yadda za a sa ta a jimla. Turanci yana barin kalmar a matsayin suna, Hausa kuwa ta fi sakewa da aikatau, don haka idan labari ya zo da ita, sai mu rubuta "sanarwar ta kiɗima 'yan kasuwa" ko "jama'a suka kiɗime".