Karayar Wuya: Gidan Mai Ɗori Ko Asibiti?

Baban Ummi: Jama'a raina a ɓace yake. Ƙanin matata ya faɗo daga babur, ƙeyarsa ta daki bakin kwalbati. Yana ta cewa wuyansa, hannayensa sun yi sanyi. Aka ciccibe shi kansa na lilo, aka cusa shi a adaidaita sahu, sai gidan mai ɗori. Shi kuma ya kama kan ya ja. Yanzu na'ura ce ke masa numfashi. Wallahi jahilci ne ke kashe mu.

Ɗan Kurna: Allah ya ba shi lafiya. Amma wa kake kira jahili? Kakana mai ɗori ne, gado ne a gidanmu, an kawo masa ƙafafun da likitoci suka ce sai an yanke.

Maman Hanif: Malam, ƙafa daban wuya daban. Ina aikin jinya. Ƙashi na biyu a saman wuya yana da ɗan tsini kamar haƙori, a kansa na farko yake juyawa idan ka waiwaya. In ya karye, ba abin da ya raba shi da laka, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya, sai ɗan wuri kaɗan. Jijiyar da ke motsa numfashi daga gaɓar wuya ta 3 zuwa ta 5 take fitowa, rauni a samanta yana iya tsayar da numfashi. Shi ya sa ake riƙe kai cak, a sa abin tallafe wuya, a kwantar da mutum a kan katako. Hoton CT ke nuna ƙashin, MRI ke nuna lakar. Wani majiyyacin, zoben ƙarfe ake kafa masa a ƙoƙon kai na kusan wata 3, wani kuma tiyata a sa masa kusoshi.

Ɗan Kurna: Hajiya ban musa ba, amma Baban Ummi ya janye kalmar jahilci. Jahili shi ne wanda bai san Allah ba.

Abu Sadiƙ: A'a, kowa jahili ne a fannin da bai karanta ba.

Yaron Malam: Ku da kuke da kuɗin MRI ku yi ta zagin talaka. Ai ɗan wasan fim Christopher Reeve da ya faɗo daga doki a Amurka a 1995, duk likitocinsu bai sake tafiya ba. Ƙaddara ce.

Maman Hanif: Ƙaninmu, amma ya rayu har 2004 saboda kulawar asibiti.

Abu Sadiƙ: Kai Yaron Malam kullum sai ka sako maganar talaka da mai kuɗi. Haka ka yi ranar maganar hular kwano.

Yaron Malam: Kai ma ka taɓa sa ta?

Baban Ummi: Ni dai addu'a nake nema masa.

Shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta, kowa ya yarda wuya ba aikin mai ɗori ba ne, kuma Maman Hanif ce kaɗai ta zo da hujja. Masu ƙorafi kan kalma, su je su yi ta su biyu. Baban Ummi, a gaida majiyyaci.