Ɗana ya ƙi atisayen hannu a gida, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye, da ma'aikatan lafiya idan akwai a cikinmu. Shawara nake nema.

Ɗana ya shekara 3, likita ya ce yana da jinkirin girma. Yana tafiya, amma hannunsa ne matsalar. Har yanzu ba ya ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya, abin da yawancin yara ke yi kafin su cika shekara 1. Cokali kuwa dunƙule shi yake yi a tafi, kafin ya kai baki abinci ya zube.

An haɗa mu da ma'aikaciyar da ke koya wa yara ayyukan yau da kullum. Ta ce in naɗe mariƙin cokalinsa da tsumma ya yi kauri, in ɗora hannuna a kan nasa mu kai baki tare, sannan ya riƙa murza laka da tsince murafen kwalba yana jefawa a kwano. A gabanta yana yi lafiya lau. A gida fa, da yatsunsa sun taɓa abu mai danƙo sai ya fizge hannu, ya goge a riga yana ihu. Ita ta ce jikinsa ne ke jin taɓawa fiye da kima, ba rigima ba ce, kuma na yarda.

To, in ci gaba da lallaɓa shi ko in dakata? Akwai busasshen abin da zan fara da shi kafin laka? Ina tsoron in matsa masa ya tsani cokalin gaba ɗaya.