Wace lambar ajiya ta dace da mujallar da ta sauya suna?

Sabuwar ma'aikaciyar sashen mujallu:

Assalamu alaikum, malamai. Kwanan nan aka mayar da ni sashen mujallu na laburaren da nake aiki, inda muke amfani da tsarin Dewey, wato jera littattafai da lambobi bisa batunsu, kuma na tarar da wani lamari da ya ɗaure mini kai. Wata mujallar aikin gona ta warwatsu wuri uku a kan kanta, domin an riƙa ba kowane juzu'i lambar ajiya tasa kamar littafi ne, gwargwadon batun da ya fi yawa a cikinsa. Bayan haka mujallar ta sauya suna daga juzu'i na 15, amma ƙidayar juzu'anta ta ci gaba ba tare da an koma na ɗaya ba. Shin lamba ɗaya zan ba ta gaba ɗaya, ko kuwa sabon suna yana wajabta sabuwar lamba?

Tsohon mai tsara katalog:

Wa alaikumus salam, Malama. Tushen matsalar shi ne an ɗauki mujalla a matsayin tarin littattafai, alhali kuwa aba ce guda wadda take girma, ba a kuma san ranar da za ta daina fitowa ba. Don haka ana duba fagen da mujallar ta shafa dukkanta, ba batun fitowa ɗaya ba. Tsarin Dewey ya tanadi ƙarin 05 domin abubuwan da ke fitowa a jere: mujallar aikin gona tana zuwa 630.5, ta likitanci 610.5, ta ilimin laburare 020.5. A kula da yawan sifili, domin ba ko'ina ake sa ɗaya ba. Ta kimiyyar fiziks 530.05 ce, tun da 530.1 da makwabtanta an ba su wasu batutuwa. Mujallun da ba su keɓanta da wani fage ba kuwa gidansu 050.

A ƙarƙashin wannan sai lambar Cutter, wato harafi da alƙaluma masu bambanta ayyukan da ke lambar fage ɗaya, wadda galibi ake ɗaukowa daga kalmar farko ta sunan mujallar maimakon sunan marubuci, domin marubutanta suna da yawa kuma editocinta suna sauyawa. Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne kada shekara ta shiga cikin ainihin lambar. Juzu'i da shekara ana rubuta su ne a layin ƙarshe na takardar da ake liƙawa a bayan kowane kundi bayan an ɗinke shi, lambar da ke sama kuma ba ta motsi.

Game da sauyin suna, akwai abubuwa biyu da mutane suke haɗawa, kuma raba su shi ne rabin aikin. Bisa ƙa'idojin tsara katalog na AACR2 da na RDA, babban sauyi, kamar sauya wata muhimmiyar kalma cikin kalmomi biyar na farko na sunan mujallar, yana bukatar sabon bayanin katalog, kuma mujallar takan sami sabuwar lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla ta ƙasa da ƙasa, mai alƙaluma takwas. A tsarin MARC 21, na shigar da bayanan katalog a kwamfuta, ana haɗa bayanan biyu ta gurbi na 780, mai nuna tsohon suna, da na 785, mai nuna sabo. To amma sabon bayani bai tilasta sabuwar lambar ajiya ba. Muddin fagen bai sauya ba kuma ƙidaya ta ci gaba, ni ina barin tsohuwar lambar har da Cutter ɗinta, ko da harafin bai ƙara dacewa da sabon sunan ba, domin mai neman juzu'i na 15 ya same shi kusa da na 14.

Mai kula da mujallun jami'a:

Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina ganin ya kamata a gaya wa Malama cewa laburare da yawa ba sa ba mujallu lambar fage sam, suna jera su ne bisa haruffan sunayensu, kuma masu karatu suna jin daɗin hakan saboda da suna suke zuwa nema. Sannan akwai jerin littattafai masu fitowa ƙarƙashin babban suna ɗaya, kowanne da marubucinsa da batunsa. Irin waɗannan ana iya tara su a lamba ɗaya ko a rarraba su, kuma mai yiwuwa wanda ya yi aikin a baya ya zaci mujallar tana cikinsu.

Tsohon mai tsara katalog:

Maganar jerin littattafan gaskiya ce, Hajiya, kuma a nan ni ma nakan rarraba idan batutuwan sun yi nisa da juna. Amma jerin haruffa shi ne yake fara karyewa a irin halin da Malama take ciki, domin da zarar suna ya sauya, rabin mujallar yana wannan kanta, rabin yana can ƙarshen ɗaki, sai an bi da takardun nuni.

Sabuwar ma'aikaciyar sashen mujallu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba kundayen, kuma kowace fitowa tana ɗauke da maƙalu na marubuta daban-daban, don haka mujalla ce sosai. Zan tattara su a 630.5 da Cutter ɗin tsohon suna, in buɗe sabon bayani daga juzu'i na 15. Saura fitowar musamman guda biyu da ba su da lambar juzu'i: a ƙarshen shekararsu zan ajiye su, ko a ƙarshen jerin duka?