Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bug" a takardar auna shirin masu gwajin manhaja?

Malamar Horaswa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan raba wa ɗalibaina takardar da za su auna kansu da ita kafin su fara neman aikin gwajin manhaja, sai tambaya ta uku ta cije. Tsarin ISTQB, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara jarrabawar shaidar ƙwarewa ta masu gwajin manhaja, ya raba abu uku: "error", abin da mutum ya yi ba daidai ba, "defect" ko "bug", abin da hakan ya bari a cikin manhajar, sai "failure", abin da ke bayyana lokacin da manhajar ke aiki. Wanda bai iya bambance su ba bai shirya zuwa intabiyu ba, balle jarrabawar matakin farko mai tambayoyi 40, wadda sai an ci 26 ake haye ta. Idan na kira duka ukun "matsala", tambayar ba ta da sauran amfani.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malama. Kuskure, aibi, tangarɗa. Mai rubuta manhaja ya manta cewa Fabrairu kan kai 29, wannan kuskure ne. Layin da ya rubuta yana ɗauke da aibi, wanda zai iya kwanciya shekara uku ba wanda ya sani. Ranar da 29 ga watan ta zo manhajar ta ƙi karɓar kwanan wata, an sami tangarɗa.

Dattijo: Ban yarda da aibi ba, domin Larabci ne, alhali muna da ƙwaro, wanda shi ne ma'anar "bug" a Ingilishi. A 1947 ma'aikatan kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard sun ciro ƙwaro na gaske daga cikinta, suka manna shi a littafin aiki. A ce ƙwaron manhaja, mai gwaji kuwa mafaraucin ƙwari.

Injiniya: Ranka ya daɗe, Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya yi amfani da kalmar "bug" da ma'anar lahani a na'ura tun 1878, saboda haka ba daga wancan ƙwaron ta samo asali ba. Ita kanta manhaja daga Larabci muka aro ta, kuma ban ji ka kore ta ba.

Dattijo: Manhaja ta riga ta zauna. Abin da ke damuna shi ne, Bature ya ce ƙwaro an tafa masa, Bahaushe ya ce ƙwaro an yi dariya. Haka muke raina namu.

Ɗan Damagaram: Baba, ba raini ba ne. Faransawa sun ƙirƙiro "bogue", amma da yawan masu aikin "bug" ɗin suke cewa har yau. Ni aibi nake goyon baya, saboda a ciniki aibi shi ne lahanin da ke ɓoye a jikin kaya, wanda idan mai saye ya gano shi yake da damar mayarwa. Wanda zai rubuta rahoto ga shugaban aiki cewa ya sami aibi biyar, ya faɗi matakan da za a bi a sake ganin kowanne, za a fahimce shi nan take. Tangarɗa ce ban gamsu da ita ba, don tana nuna ɗan cikas mai wucewa, alhali manhaja kan mutu gaba ɗaya. Gazawa ta fi.

Injiniya: Gazawa ba ta ɗauki manhajar da ta yi aiki lami lafiya amma ta ba da lissafin ƙarya ba.

Malamar Horaswa: Na gode ƙwarai. Na ɗauki kuskure da aibi. Ta ukun zan rubuta tangarɗa a wannan karon, in ajiye kalmar Ingilishi kusa da kowacce, tunda da Ingilishi za a yi musu intabiyu.

Dattijo: To, ki sa aibin. Ni dai a ajina ƙwaro zan ci gaba da cewa.