Wa ke ciyar da kachala a Kogin Haɗeja?

Daga zauren WhatsApp na 'yan garinmu, ƙasar Auyo

Ɗalibin Dutse: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau a aji an kawo mana misalin wani mashigin teku a Amurka, Cesafik. Ruwan jihohi 6 da na birnin Washinton duk can yake juyewa, ɗauke da ragowar taki da laka, har gansakuka ta rufe ruwan, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. A 2010 gwamnatinsu ta yanka wa kowace jiha iyakarta, a rage sinadaran taki da ke shiga ruwan, naitirojin da kashi 25 cikin ɗari, fosfaras kashi 24, laka kuma kashi 20. Ni dai na ce mu ma haka ya kamata a yi mana. Kachala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta toshe Kogin Haɗeja, da takinmu muke ciyar da ita. Ya kamata gwamnati ta hana noma a gaɓar kogi, ta ƙayyade buhun da kowa zai zuba.

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Yaro, mu nan tekun wa gare mu?

Ɗalibin Dutse: Ranka ya daɗe, rashin tekun ne ma ya sa abin ya fi ciwo. Haɗeja da Jama'are suna haɗuwa wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Chadi, in ma sun kai. Abin da muka zuba, a fadamunmu yake kwana.

Sarkin Noma: To saurara, tunda ni na ga jiya. Muna yara, da rani da ƙafa muke tsallaka kogin nan, yashi ne fari fat, mata su tona rami a tsakiyarsa su ɗebi ruwa da ƙwarya. Damina ta yi, ruwa ya zo da ƙarfinsa ya malale fadama, ya share hanyarsa, bayan kaka ya janye. Kachala akwai ta tun lokacin, amma a ɗan kududdufi take, rani na yi ta bushe shanu su tattake. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka ƙara na Challawa a Ƙaraye a 1992. Daga nan ruwa ya daina yankewa, bai kuma zuwa da ƙarfin da zai wanke kogi. Kullum ga shi nan iya gwiwa, rani da damina. Abin da kachala ke so ke nan, gindinta a ruwa. Ka je rassan kogin na can ƙasa, Marma da Burum Gana, ka gani, a can gonar wa ta ci buhu goma? Amma can ta fi yin daji.

Ɗalibin Dutse: Baba, ai ruwan da ya isa Marma ya ratso Kadawa da Kura da Bunkure, ya ratso mu. Ba sai an zuba a can ba.

Ɗan Masunta: Nan kam yaron ya ɗan taɓo gaskiya, Allah ya ja zamanin Sarki. Inda magudanar gonakin shinkafa ke faɗawa kogi, kachalar wurin ta fi baƙin ganye, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Na tuge saiwarta da hannuna, kaurinta ya kusa na rake, fara sol a ciki, tana tafiya a ƙarƙashin laka kamar igiya. Amma ni abin da ya kashe mini sana'a laka ce. Gurbin da babanmu ke jefa taru ya fito da ragon ruwa, yanzu gorar tuƙi ba ta nutsewa rabi. Ruwan farko in ya sauko kamar kunun kanwa yake. Ya iso cikin kachala ya tsaya, lakar ta kwanta, sabuwar kachala ta hau kai. Kowace shekara hanya na ƙara matsewa.

Hajiya Mai Shinkafa: Ɗana, kai ka taɓa sayen buhun takin yuriya da kuɗinka? Wa ke da takin zubarwa a kogi a wannan marra? Ni da tiya nake auna wa yarana.

Malamin Gona: Hajiya, a yi mini aikin gafara, ana zubarwa, ba da gangan ba ne kawai. Shekaranjiya na tsaya a kan wani ƙanenmu, ruwa cike da fangali har ya shafe kunya, yana watsa yuriya kamar mai ba kaji tsaba. Da yamma maƙwabcinsa na ƙasa ya ce a sakar masa ruwa, aka fasa kunya. To ina takin ya tafi? Yuriya naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin ɗari, kuma ba ta jimawa take narkewa kamar gishiri. Wani ya bi ruwa, wani ya bi iska in an bar shi a fili rana na duka. Takin kamfa kuma, fosfaras ɗinta manne wa ƙasa yake yi, sai zaizaya ta kwashi ƙasar su tafi tare. Shi ya sa maganar taki da ta laka ba sa rabuwa. Da za a rage ruwa kafin a zuba, a raba shi kashi biyu ko uku, ko a binne shi a laka tsakanin shuka, da buhu ɗaya ya yi abin da yanzu ake nema da fiye da haka. Amma ban bi bayan ɗalibi a kan cewa taki ne ya kawo kachala ba. Ruwan da ba ya yankewa ne ya ba ta masauki, taki tuwon baƙo ne kawai.

Sarkin Noma: Madalla. Sai a kori mai masauki, a bar mai tuwo.

Malamin Gona: Ranka ya daɗe, in an rufe Tiga da rani, alkamarka da tumatirin mutanen Kura fa?

Sarkin Noma: Ban ce a rufe ba. Na ce a riƙa barin kogi ya huta.

Ɗan Ci-rani a Kano: Ku kuna ta taki. Ku zo ku ga abin da masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa ke sakowa, wani ruwa baƙi mai wari, duk Kogin Challawa yake shiga, ya haɗu da Kogin Kano ya wuce Wudil da Ringim ya same ku. Ga masu tifa suna yashe gaɓa dare da rana. In doka za a yi, a fara da masu ƙarfi mana.

Malamin Gona: Wannan guba ce, shari'arta daban. Amma kana da hujja a kan wa za a fara da shi.

Hajiya Mai Shinkafa: Abin da nake tsoro ke nan. Doka in ta fito, ba ta ganin tifa, sai gonar bazawara. Gonata tsiri ce a bakin ruwa, gadon mahaifinmu. A ce in bar taku ashirin daga gaɓa, me ya rage? A 2020 ruwa ya cinye ta, a 2022 ya sake cinyewa, jan-baki da ke kwana cikin kachalar nan ya ci abin da ya tsira. Yanzu kuma ɗan da muka goya ya ce ni ce mai laifi.

Ɗalibin Dutse: Wallahi Inna ba haka nake nufi ba. Kuma na manta ban faɗa ba, a can biyan manomi ake yi in ya bar gaɓa ya dasa itatuwa, ko ya shuka ciyawar rufe ƙasa bayan girbi.

Sarkin Noma: Au, wannan ne ka manta? Ka kawo mana bulala ka bar goron a aljihu.

Malamin Gona: Kuma da kuɗin nasu da komai, wa'adin 2025 suka ɗiba, bai ishe su ba. Ni taku ashirin ban nema ba, Hajiya. Layi ɗaya na jema a bakin gaɓa, faɗin kamu biyu. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa, ta tace laka, a yanka a yi zana da faifai.

Hajiya Mai Shinkafa: Jema na yarda, don na san kuɗin zana. Ƙayyade buhu kuwa, sai ranar da gwamnati ta fara ba ni shi kyauta.

Ɗalibin Dutse: Na janye maganar buhu. Amma ta taki na nan, ko Malam ya ce tuwon baƙo ne, baƙon da ya ƙoshi ai ba ya tafiya.

Ɗan Masunta: Ka iya baki, ƙanena. In kun samu hutu ka zo in ɗauke ka a kwalekwale. Motar yasar kogi da gwamnati ta kawo ta buɗe wani wuri, zan nuna maka yadda ya fara komawa, sannan in nuna maka inda muka yanka da lauje a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya shaƙe kututturen bai sake tohowa ba. Ka zo da dogon wando mai kauri, matsattsaku ba su san ɗan jami'a ba.