Shawarwari kan nazarin waƙar "Poppies"

Masu tattaunawa kan rubutacciyar waƙar Jane Weir ta 2009, wadda ɗaliban sakandare ke nazari a Ingila, game da wata uwa da ɗanta zai tafi aikin soja, sun dage kan abu guda: kar ka nemi fagen fama, babu ƙarar bindiga a ciki. Tsaya kan hannun uwar, tana maƙala jan furen "poppy" na takarda, alamar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, a rigar ɗanta, tana cire masa gashin kyanwa da salatif. Weir mai zanen yadi ce, shi ya sa kalmomin ɗinki suka yawaita.

Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce a karanta a bayyane, a ji inda numfashi ke tsinkewa tsakiyar layi, kamar mai haɗiye kuka.

Ko ɗan ya rasu? Waƙar ba ta fayyace ba, don haka a jarrabawa kawo hujjar kowane ɓangare.